Farar Ɗamara da Baƙar Ɗamara: Magana ga Masu Auna Kansu da Wasu



A 'yan shekarun nan matasanmu da dama, maza da mata, sun shiga koyon dabarun kare kai, wato judo da kareti da takwando. Waɗansu a filin wasanni na gari suke koyo, waɗansu a makaranta, waɗansu kuwa a harabar coci da yamma in an tashi daga aiki. Mun yi murna da haka, gama saurayin da atisaye ya gajiyar ba shi da sauran ƙarfin yawon dare. Amma akwai wani kuka da muke yawan ji daga bakinsu, kuma kusan kalmominsa ɗaya ne a ko'ina. Yaro zai ce: rana ɗaya muka fara da wane, ga shi an ɗaura masa koriyar ɗamara, ni har yanzu ina fama da rawaya, wanda ya zo bayana da wata shida yanzu kayar da ni yake yi, anya kuwa an halicce ni domin wannan abu? Bayan 'yan makonni sai a neme shi a rasa.

Da a ce a filin atisaye kaɗai wannan cuta take tsayawa, da mun bar wa malaman wasanni maganarta. Amma ita ce take hana mace mai murya buɗe baki a ƙungiyar mawaƙa domin ta ji muryar wata. Ita ce take sa magidanci ya daina zuwa taron zumunta domin sa'o'insa sun gina gida shi yana haya. Har mai addu'a ba ta ƙyale ba, takan raɗa masa cewa addu'arsa ba ta wuce rufin ɗaki, tun da shi ba ya zubar da hawaye kamar na kusa da shi. Filin atisaye ya fi sauran wurare tona ta ne kawai, saboda a can an ɗaura wa kowa matsayinsa a ƙugu, da launi, duk mai ido yana gani.

Kafin mu yi nisa, bari mu sallami tambayar da waɗansu iyaye suke kawo mana, ko ya dace Kirista ya koyi faɗa. Katekizim na Ikkilisiyar Katolika, wanda Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya fitar a 1992, ya koyar da cewa mutum yana da ikon kare ransa, wanda kuma aka ɗora wa nauyin rayukan waɗansu, kariyar tana iya zama masa wajibi. Rusunawar da ake yi kafin karawa kuwa gaisuwa ce irin ta mutanen Japan da Koriya, kamar yadda muke durƙusa wa manya a nan; ba sujada ba ce. Sai dai wannan Katekizim ɗin, a sakin layi na 2289, ya ja kunne a kan mai da jiki da nasarar wasanni abin bauta, domin hakan yakan kai mutane ga fifita mai ƙarfi da wulakanta rarrauna. Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne, rarraunan da mutum yake fara wulakantawa sau da yawa shi kansa ne.

To, mu dubi mutumin da ya kafa judo. Sunansa Jigoro Kano (bai haɗa komai da birninmu na Dabo ba, dacewar suna ce kawai). An haife shi a Japan a 1860. Yana saurayi ɗan tsurut ne, nauyinsa kamar kilo 41, yaran makaranta suna cin zalinsa. Ya nemi ya koyi tsohuwar kokawar ƙasarsu da ake kira jujutsu, mahaifinsa ya ƙi ba shi goyon baya da farko, sai a 1877 ya sami malami, wani mai ɗorin ƙashi da ake kira Fukuda Hachinosuke. Koyarwar Fukuda ba ta da dogon bayani. A kayar da kai, ka tashi, a sake kayar da kai, har jikinka ya fahimci abin da baki bai faɗa ba. A cikin manyan almajiran gidan akwai wani mai suna Fukushima wanda Kano ya kasa kayarwa ta kowace hanya. Ya gwada dabarun sumo, ba su ci ba. Bai naɗe kayansa ya koma gida ba, bai kuma zauna yana lissafin abin da Allah ya ba Fukushima ya hana shi ba. Ya shiga bincike har ya tsinci wata dabara a wani littafin kokawar Turawa, ta ɗaukar mutum a kafaɗa a juye shi, da ita ya kai Fukushima ƙasa. Dabarar tana nan cikin judo har yau.

A 1882 ya buɗe tasa makarantar, Kodokan, a wani ɗaki na haikalin Eishoji a Tokiyo. Faɗin ɗakin tabarma 12 ne, almajiransa kuwa ba su kai goma ba. Wanda ya leƙa ɗakin nan a wannan shekara, ya gwada shi da manyan gidajen jujutsu na birnin, zai ce yaron nan wasa yake yi. A 1964, shekara 26 bayan rasuwarsa, aka yi judo a gasar Olamfik a wannan birni na Tokiyo.

Akwai abu guda a tsarin Kano da muke so ku riƙe. Darasin farko da ake koya wa sabon shiga a judo shi ne faɗuwa. Kafin a nuna masa yadda zai kayar da kowa, sai ya yi makonni yana koyon yadda zai sauka: ya kafe haɓa a ƙirji kada ƙeyarsa ta bugi ƙasa, ya mari tabarma da hannu domin ƙarfin faɗuwar ya watsu, ya mirgina ya miƙe. Yaro mai ɗoki yana ganin ɓata lokaci ne. Alhali kuwa wanda bai iya faɗuwa ba tsoro ne yake riƙe da shi, jikinsa a sandare, ba zai yarda ya gwada sabuwar dabara ba domin kada a kai shi ƙasa a gaban mutane, wanda kuma ba ya gwadawa ba ya koyo. Mu Kiristoci bai kamata wannan ya zama mana baƙon abu ba. A farkon kowace Misa, kafin karatu, kafin hadaya, abin da muke fara yi shi ne amsa laifinmu, Bishop da Fada da yaron da aka yi wa baftisma jiya, duk da baki ɗaya. A Hanyar Gicciye da muke bi kowace Juma'a ta lokacin Azumi, tasha uku daga cikin 14 a kan faɗuwar Ubangijinmu suke.

Ita kanta ɗamarar da ake kuka a kanta, mene ne asalinta? Kano ne ya fara ba almajiransa matakai, a 1883, ga mutum biyu, Tomita da Saigo. Shekaru masu yawa launi biyu ne aka fi sani, fari da baƙi. Jerin launukan nan na rawaya da ruwan lemo da kore da shuɗi a Turai ya yaɗu, tun daga shekarun 1930, kuma ana danganta yaɗuwarsa da wani malami Bajapane mai suna Kawaishi da ya koyar a Faris. Manufar ita ce a ba almajiri alama a kan hanya domin kada ya karaya kafin ya kai. Ku duba fa, abin da aka ƙirƙira domin ƙarfafa zuciya shi ne yau yake karya ta. Jerin launukan ma ba ɗaya ba ne daga makaranta zuwa makaranta, koriyar wani gida ba ita ce koriyar wani ba. Baƙar ɗamarar da ake yi wa kallon ƙarshen tafiya kuwa, sunan matakinta na farko a harshen Japan, shodan, ma'anarsa matakin farawa.

Ya ku matasa, ma'aunin da kuke auna kanku da shi maƙaryaci ne, kuma ƙaryarsa tana da dalilai da za a iya ganewa. Mutanen da suke cikin mota ɗaya, in kowa na kusa da shi yake kallo, zai rantse motar a tsaye take, domin tazarar da ke tsakaninsu ba ta canja ba tun daga tasha. Sai an leƙa ta taga an ga itatuwa suna wucewa. Kai da abokanka kuna atisaye ɗaya, rana ɗaya, a hannun malami ɗaya. Kana ƙaruwa suna ƙaruwa. Wanda ya fi ka a watan Janairu yana iya fin ka a Disamba, alhali kai na Disamba za ka kayar da kai na Janairu cikin ƙiftawar ido. Bugu da ƙari, abokan karawarka sun haddace ka. Dabarar da take ci maka a wata na uku ta daina ci a wata na takwas, domin sun san inda ƙafarka za ta sauka tun ba ka ɗaga ta ba. Sai kuma wannan: ido yana riga jiki koyo. Sabon shiga ba ya ganin kuskurensa, shi ya sa yake cikin farin ciki. Wanda ya shekara biyu yana ganin kurakurai goma a bugu ɗaya, sai ya ɗauka lalacewa ya yi, alhali ganinsa ne ya buɗe. Masu ba da shawara a kan rayuwar ruhaniya sun daɗe da sanin irin wannan: ran da yake matsowa kusa da haske shi ne yake ƙara ganin dattin rigarsa.

Sa'an nan ba daga wuri ɗaya kuka taso ba, ko da rana ɗaya aka rubuta sunayenku. Wani tun yana ɗan shekara bakwai yake kokawa a dandali bayan kaka, ƙugunsa ya san nauyin mutum. Wani ya ci sau uku ya yi barcin rana kafin ya zo, wani kuwa daga kan babur ɗin acaɓa ya sauko, ko daga gona, cikinsa ba komai sai kunun safe. Wata sai ta gama girki ta yi wa ƙannenta wanka. Masu shirya gasa sun fi mu sanin wannan, shi ya sa suka raba mazan judo aji bakwai bisa nauyi, daga ƙasa da kilo 60 har zuwa sama da kilo 100, ba a haɗa na wannan aji da na wancan. Issoufou Alfaga, wanda ya samo wa Nijar lambar azurfa ta takwando a Olamfik ta Riyo a 2016, ya kuma zama zakaran duniya a 2017, tsayinsa ya haura mita biyu. Ya sha wahalar atisaye, babu shakka, amma babu atisayen da zai ƙara maka taƙi ɗaya a tsayi. Shi ma namu Chika Chukwumerije, a wasansa na farko aka fitar da shi a Olamfik ta 2004, sai a 2008 a Beijin ya ɗauko lambar tagulla. Hotunan da kuke kallo a waya, a Facebook da TikTok, daƙiƙa goma ne da aka zaɓo daga shekara goma. Ba wanda yake ɗora ranar da ya yi amai a gefen fili.

Yanzu mu koma ga Littafi Mai Tsarki, inda aka fi sanin wannan cuta. A sura ta 21 ta Bisharar Yohanna, Ubangiji da ya tashi daga matattu ya sami Bitrus a bakin tekun Tibariya. Bitrus ya yi musun saninsa sau uku, Ubangiji kuwa ya tambaye shi sau uku ko yana ƙaunarsa, ya danƙa masa kiwon tumakinsa, ya kuma nuna masa irin mutuwar da zai yi. Babu mutumin da aka taɓa ɗagawa daga ƙasa kamar yadda aka ɗaga Bitrus a safiyar nan. Me ya yi? Ya waiwaya. Ya ga almajirin da Yesu yake ƙauna yana biye, wanda ya tsaya a gindin gicciye sa'ad da shi Bitrus ya gudu, sai ya tambayi abin da zai faru da wannan. Ubangiji bai ba shi labarin Yohanna ba. Ya nuna masa cewa wannan ba ruwansa, nasa shi ne ya bi. Muna ganin tambayar Bitrus ba ta mugunta ba ce, tambaya ce ta wanda ya faɗi, yake so ya san ko wanda bai faɗi ba zai sami rabo mafi sauƙi. Duk da haka ba a amsa masa ba, domin ko an amsa, amsar ba za ta ɗauke masa taku ɗaya daga cikin tafiyarsa ba.

A misalin talanti, a sura ta 25 ta Bisharar Matiyu, maigida ya raba wa bayinsa uku dukiya, biyar da biyu da ɗaya, kowa gwargwadon iyawarsa. Mukan ji tausayin mai ɗaya kamar an ba shi kwabo. Masana sun ƙiyasta talanti ɗaya a kan dinari 6,000, dinari ɗaya kuwa ladan ƙwadagon yini ne, wato an damƙa masa abin da lebura zai yi kusan shekara ashirin bai tara ba. Mai biyu ya dawo da huɗu, mai biyar ya dawo da goma, tazarar da ke tsakaninsu ta ƙaru daga uku zuwa shida, amma yabon da maigida ya yi musu iri ɗaya ne, kalma da kalma. Da mai biyu ya zauna yana duban tazarar nan, da ya ce kullum baya yake ci. Na ukun kuwa da bakinsa ya faɗi abin da ya sa ya tona rami: tsoro. Ba a hukunta shi domin ya yi ciniki ya faɗi ba, bai ma shiga kasuwar ba.

Shakkar kai in ta daɗe a zuciya ba ta zama ita kaɗai. Ku tuna da Sarki Saul. Bayan Dawuda ya kashe Goliyat, mata suka fito da kiɗa da waƙa, suka ba Dawuda adadin da ya ninka na Saul sau goma. A ranar nan Saul bai rasa komai ba. Sarautarsa tana nan, rundunarsa tana nan, maƙiyinsa ya mutu, wanda ya kashe shi kuma baransa ne. Lissafi kawai ya shiga kunnensa, kashegari sai ga mashi a hannunsa yana jifan yaron da yake kaɗa masa garaya. A cikin wannan sura ta 18 ta littafin Sama'ila na Fari akwai wani mutum wanda ya fi Saul dalilin jin tsoro, wato Yonatan, magajin gadon sarauta. Shi kuwa ya tuɓe alkyabbarsa ya ba Dawuda, ya haɗa masa da takobinsa da bakansa, har da ɗamararsa. Ku da kuke ɗaura ɗamara sau uku a mako, ku tsaya a kan wannan kalma ta ƙarshe.

Mashin Saul yana nan a filayen atisaye. Shi ne babban almajiri da ya ga ƙarami yana tasowa, sai ya maka shi da ƙasa da ƙarfin da ya wuce na koyarwa, ko ya ƙi sakin hannu bayan yaron ya buga alamar sallamawa. Wanda ya karya ɗan'uwansa da gangan domin kare matsayinsa, zunubi ya yi, wurin furta zunubi ya kamata ya nufa. Akwai kuma mashin da mutum yake juyawa ga kansa. Mun san yadda ake ɗaura layu da guraye a damtse a dambenmu na gargajiya, mun kuma san akwai masu raɗa wa yaranmu cewa wane ba haka kawai yake cin nasara ba, akwai abin da aka jiƙa masa. Ikkilisiya ta hana ɗaura laya, ko ta wane suna aka kira ta; sakin layi na 2117 na Katekizim ya faɗe shi a fili. Ita kuwa ƙwayar tramadol da ake sha wai domin kada a ji gajiya ko zafin bugu, tana kama mutum har ya kasa rabuwa da ita, in ta yi yawa tana kawo farfaɗiya, tana kuma kisa. Zafin da take ɓoyewa shi ne jiki yake gaya maka da shi cewa gwiwa ta kusa tsinkewa. Kowa ya daka rawar wani ya rasa turmin daka tasa.

Ba za mu ce muku kowane jinkiri daga gare ku yake ba, ko kuwa duk malamai adalai ne. Akwai wanda ake dannewa da gaske. Wancan Fukuda da ya koyar da Kano yana da jika mace, Keiko Fukuda, an haife ta a 1913. Kano da kansa ya gayyace ta, ta fara judo a 1935. A 1953 ta kai mataki na biyar na baƙar ɗamara, a nan aka tsayar da ita kusan shekara ashirin, domin a lokacin ba a ɗaga mace sama da haka. Mazan da suka zo bayanta suka yi ta wucewa. Ta ci gaba da koyarwa, ta koma Amurka a 1966, sai a 1972 aka ba ta mataki na shida, bayan almajiranta da abokanta sun kai kuka a rubuce. A 2006 Kodokan ta ba ta na tara, a 2011 hukumar judo ta Amurka ta ba ta na goma tana da shekara 98, ta rasu a 2013. Ku lura da abu biyu a nan. Rashin adalcin na gaske ne, kuma an yi magana a kansa har aka gyara; haƙurin Kirista bai hana a nemi gaskiya ba. Amma cikin shekarun nan 19 da matakinta bai motsa ba, iyawarta ba ta tsaya tana jiran takarda ba.

Waliyyi Ignatius na Loyola ya san hanyoyin nan biyu na gwada kai da wasu. Soja ne mai son suna, harsashin igwa ya farfasa masa ƙafa a Pamplona a 1521. Yana kwance yana jinya ya karanta tarihin waliyyai, ya riƙa tambayar kansa me zai hana shi yin abin da Waliyyi Faransis da Waliyyi Dominik suka yi. Wannan gwadawa ta tashe shi daga kan gado, ita ce mai kyau, irin ta yaron da ya ga gwanintar malaminsa ya ji sha'awa ta kama shi. Amma da ya isa Manresa a 1522 sai abin ya juye. Ya so ya wuce waliyyai a azumi da horon jiki, shakka ta rufe shi, ya riƙa maimaita furta zunubi ɗaya ba ya samun salama, ya yi mako guda bai ci ba bai sha ba sai da Fadan da yake sauraronsa ya umarce shi ya ci, har tunanin hallaka kansa ya zo masa. Daga cikin wannan rami ya koyi rarrabe muryoyi: muryar da take nuna maka laifinka ta bar ka da ƙarfin gyarawa, da muryar da take nuna maka laifinka ta bar ka a kwance. Ta biyun ba daga Allah take ba, ko da ta yi shigar tawali'u. Yana da shekara 33 ya zauna a benci ɗaya da yara ƙanana a Barsalona yana koyon Latin. Ƙungiyar Yesu da ya kafa ta sami amincewar Paparoma a 1540.

A littafinsa na horon ruhaniya ya bar mana wata dabara mai sauƙi. Mutum ya zaɓi laifi guda da yake so ya rabu da shi, ya binciki kansa da rana da kuma dare, ya sa ɗigo a takarda duk sau ɗaya da ya faɗi, sa'an nan ya gwada dare da rana, yau da jiya, wannan mako da wanda ya wuce. A duk takardar babu layin maƙwabci. Manzo Bulus ya faɗi irin wannan ga Galatiyawa a sura ta 6, cewa kowa ya gwada aikin kansa, ya kuma gaya wa Korintiyawa cewa masu auna kansu da junansu ba su da hankali. Shi da ya zauna a Korinti, inda ake gasar gudu da dambe a kusa da birnin duk bayan shekara biyu, ya san abin da yake faɗa. Muna ba ku shawara ku sayi ƙaramin littafin rubutu. Bayan kowane atisaye ku rubuta abu guda da kuka iya yau wanda ba ku iya ba a da, da abu guda da za ku tambayi malam. Bayan wata uku ku buɗe shafin farko.

Ku malamai masu koyarwa, musamman waɗanda aka ba aron harabar coci, muna roƙonku ku daina kiran sunan wani yaro domin kunyata wani. Ku gaya wa almajiri dalla-dalla abin da ya rage masa kafin jarrabawa, kada ku bar shi yana zato cikin duhu, kuma kada kuɗin jarrabawa ya zama shi ne yake raba ɗamara. Ku riƙa haɗa wanda ya shekara biyu da sabon shiga lokaci-lokaci, domin a nan ne zai ga da idonsa nisan da ya yi. Ku iyaye, in yaro ya dawo, tambayar ba ita ce wa ya ci ba. Ku tambaye shi me ya koya, ku ba shi tuwo. Maganar nan ta "dubi ɗan wane" ta kori yara da yawa daga makaranta da coci fiye da yadda bulala ta kora.

Akwai wanda barin atisayen shi ne daidai a gare shi: mai rauni da likita ya hana, ɗalibin da jarrabawa ta matso, magidancin da lokacin ya zama na iyalinsa, ko wanda ya gane zuciyarsa tana wani wuri. Wannan ya je ya yi sallama da malaminsa da rana tsaka, ya gode, ya tafi da mutuncinsa. Wanda muke nema shi ne wanda ya sulale ba sallama domin an ɗaura wa abokinsa wani launi. Shugabannin matasa na kowace majami'a sun san su da sunayensu. A je musu gida cikin wannan mako, mutum biyu sun isa, zai fi kyau ɗayansu ya zama shi abokin da aka ɗaura wa ɗamarar. A gaya musu ranar atisaye da lokacinsa, ranar kuwa a biya musu a tafi tare.